Tukunyar Burukutu da Wutar Gashi: Abin da Ya Canja Tun Zuwan Ruwan Tiga

Wannan shi ne jawabin da muka gabatar a taron zumuntar mata da dattawan ikilisiyoyin yankin Kura da Bunkure. Mun buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Mun san waɗansu sun baro shinkafa a shanya, waɗansu kuma suna gyaran fili domin rani, saboda haka za mu shiga magana kai tsaye.

Maganar yau ba a saba yin ta a majami'a ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za mu yi magana a kan tukunyar burukutu da wutar gashin nama. Kirsimeti na tafe, bukukuwan aure ma bayan girbi suka fi yawa, kuma a wannan lokaci ne ake hura waɗannan wutace biyu fiye da kullum. Ba mu zo koya wa kowa dafa giya ba. Wa'azi a kan sha kuwa aikin fastocinmu ne, sun daɗe suna yi, matsayin ikilisiyoyinmu ba ɓoyayye ba ne. Namu aikin shi ne lafiyar jiki da abincin gida. Duk wanda yake zaune a ƙauyukan nan ya san har yanzu akwai gidan da hayaƙi yake tashi a bayan danga kwana biyu a jere. Akwai gwauruwar da da wannan tukunya take biyan kuɗin makarantar yara. Mai sha kuwa ɗan wani ne, ko mijin wata, ko ƙanen wani da yake zaune a nan yanzu. In ya kwanta ciwo, mu ne masu jinya.

Bari mu fara kawar da zancen doka, don kada wani ya ce ba a faɗa masa ba. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, aka kafa hukumar Hisba da doka a 2003. A 2004 kuma aka gyara dokar laifuffuka ta jiha, aka hana yin giya da sayar da ita da ɗaukarta da shanta a duk faɗin jihar, wannan gyara kuwa bai ware Kirista ba. A watan Nuwamba na 2013 an farfasa kwalabe wajen 240,000 a bainar jama'a a Kano. Matar da take dafawa ta sani jarinta duka yana iya tafiya a rana ɗaya, ita kanta kuma tana iya samun kanta a gaban alƙali. Ɓoyon da wannan ya jawo shi ma yana da nasa lahani, domin abin da ake yi a ɓoye ba mai duba tsabtarsa.

Yanzu mu tuna yadda kakanninmu mata suke yi, domin akwai ilimi a ciki wanda bai kamata a zubar da shi tare da giyar ba. Ana jiƙa dawa, ja ko kaura, ta kwana a ruwa. A tsame, a baza a inuwa a kan tabarma ko daɓe mai tsabta, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku zuwa huɗu ta tsira, ta fid da saiwa fara kamar zare. Sai a shanya a rana ta bushe ƙayau, a niƙa. Wannan shi ne tsiro, shi ne kuma zuciyar aikin duka. Kowace ƙwayar dawa ɗan rumbu ce, ta tanadi gari domin abincin tsiron da zai fito. Da ta ji danshi sai ta saki wani sinadari mai narkar da garin nan ya koma sukari. Mai aikin tana barin ƙwayar ta saki sinadarin, sa'an nan ta tsayar da ita da zafin rana kafin tsiron ya cinye abincin.

Daga nan a dama garin da ruwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasa sosai, in ya ɗan huce a mayar masa da ruwan saman. Da yawa suna yin haka don haka suka ga uwarsu tana yi, ba su san dalili ba. Dalilin shi ne garin dawa ba ya nuna sai da wuta mai ƙarfi, wutar nan kuwa tana kashe sinadarin da ake bukata. Ruwan saman da aka ajiye shi ne ya ɗauke sinadarin ya tsere wa wuta. Masana a manyan kamfanoni sun sha wahala da dawa a kan wannan matsala, alhali tsofaffinmu sun warware ta da ƙwarya da ludayi tun ba a haifi kowa a nan ba. Sauran aikin kun san shi: a bar shi ya kwana ya yi tsami, a tace, a tafasa na awoyi, a bari ya huce, a zuba ragowar tsohuwa, kashegari ya taso da kumfa. Duka kusan mako guda. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, kuma cikin kwana biyu ko uku ta lalace, shi ya sa dā ta fi fitowa ranar gayya da biki da ranar kasuwa.

Ku dubi kayan da ake wannan aiki da su dā: randa, tukunyar ƙasa, ƙwarya, ludayin duma, muciya, kwando na tacewa, murhun duwatsu uku, karan dawa, ruwan rijiya, da dawar da aka ɗebo daga rumbun gida. Ba ko ɗaya a ciki da mai aikin ba ta san asalinsa ba.

Sai ruwa ya zo. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo kanal ta biyo ta ƙasashen Bunkure da Kura da Garun Malam. Ba mai musun alherin da ya zo da shi: alkama, tumatir, albasa, masara, shinkafa, aiki rani da damina, motoci suna lodi a Kwanar Gafan, injinan casa suna ruri a Kura. Amma noman rani ya zo da kayansa. Ya zo da duron ƙarfe, da jarkar roba, da kwalaben maganin feshi a kowane gida. Magina tukwane suka ragu. Filin da dā dawa ce a cikinsa da damina ya koma shinkafa, har ya zama mai bukatar dawa sau da yawa sai ta je kasuwa. Hannun mai aikin bai canja ba, kayan ne suka canja a ƙarƙashin hannunta, kuma a nan yawancin haɗarin yake yau.

Mu ɗauki duro. Yana da girma, ba ya fashewa, yana tafasa da wuri, shi ya sa ya kori tukunyar ƙasa. Amma burukutu abu ne mai tsami, tsami kuwa yana cin ƙarfe. Duk kwanan da ta yi a cikin duro mai tsatsa tana narkar da ƙarfen tana sha. Jikin mutum yana bukatar ƙarfe kaɗan domin jini, amma ba shi da hanyar fitar da wanda ya yi yawa, sai ya tara shi a hanta. A Afirka ta Kudu likitoci sun lura da wannan tun 1929, suka riƙa ganin hantar mutane cike da ƙarfe, daga baya aka gano giyar gida ce da ake dafawa a duro da tukwanen baƙin ƙarfe. Hanta ta ƙanƙance, ciki ya kumbura da ruwa, ƙafafu su kumbura. Mu a nan in mun ga haka mukan ce sammu ne.

Jarka ta fi duro muni. Jarkar maganin ciyawa ko na ƙwari tana da kauri, tana da murfi mai kyau, mutum ya ji ba zai iya jefar da ita ba. A wanke da sabulu da toka, a shanshana, a ce ta fita. Ba ta fita ba. Roba tana shan maganin a jikinta, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan, kuma ta fi sakinsa in an zuba mata abu mai ɗumi ko mai tsami ko mai giya. Ƙa'idar da masana aikin gona suka bayar ita ce a ɗauraye jarkar sau uku, a juye ruwan ɗaurayar a cikin injin feshi, sa'an nan a huda ta don kada kowa ya sake zuba wani abu. Hudawar ita ce muhimmiya. A nan muna roƙon iyayenmu mata da ba ruwansu da giya su saurara, domin wannan magana tasu ce su ma. Kunun zaƙi da zoɓon da ake yi wa ɗaruruwan baƙi ranar aure a cikin me ake zuba su? Zoɓo ma tsami gare shi. In za a ari duro ko jarka domin biki, a tambayi abin da ya fara zama a ciki tun daga kamfani. In man gyaɗa ne ko manja, to. In mai shi ya ce bai sani ba, a bar masa kayansa.

Ruwan kanal kuma ba ruwan girki ba ne. Ya ratso gonakin da aka yi wa taki da feshi, a bakinsa ake wanke injin feshi, a cikinsa yaranmu suke ɗaukar tsargiya. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta cire maganin feshi.

Sai ita dawar. Akwai wata al'ada da muka lura da ita: mai kyau ta tafi tuwo, wadda ta ji ruwa ko ta yi fumfuna a ce a kai tukunya, ai wuta za ta ci. Waɗansu ma ita suke nema a kasuwa don ta fi araha. Fumfunar hatsi da ta gyaɗa tana iya fid da wata guba da ake kira aflatoksin, wadda tafasa ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masarar da aka adana da danshi. In ba ta kashe nan take ba, hanta take ci a hankali. Ku lissafa da kanku: giya tana dukan hanta, tsatsar duro tana dukan hanta, fumfuna tana dukan hanta, ga kuma ciwon hanta nau'in B da mutane da yawa a ƙasar nan suke ɗauke da shi ba su sani ba. Hanta ɗaya ce. Wurin yin tsiro ma, danshi da ɗumi da rufi su ne abin da fumfuna take so, saboda haka buhun da ake rufawa da shi in ya fara baƙi ko wari a canja shi. Ragowar irin shuka kuwa, wanda aka shafa wa magani ya yi ja ko shuɗi, ba ya shiga tukunya kowace iri, ko an wanke shi sau goma. Haka hatsin da aka zuba wa fiya-fiya a buhu.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙari. Matasa sun saba da abin kwalba mai ƙarfi, suna raina burukutu, suna cewa kunu ne. Mai sayarwa tana tsoron kada ciniki ya koma gidan maƙwabciya, sai ta ƙara wani abu. Wata ta zuba ogogoro, wata 'ya'yan zaƙami, wanda ba a banza ake ce masa haukata yaro ba, wata ƙwayoyin kemis. Ogogoron da ake sayarwa a jarka ba mai iya gane abin da ke cikinsa da ido ko da hanci. A watan Afrilu na 2015, a garin Ode-Irele na Jihar Ondo, mutum kusan 20 suka mutu cikin 'yan kwanaki, waɗansu suka makance kafin su cika. Da farko an ce fushin gunki ne. Da aka bincika sai aka tarar da metanol, wani sinadarin masana'antu mai kama da giya, a cikin abin da suka sha. Wata biyu bayan haka irin wannan ta kashe wajen mutum 70 a Jihar Ribas. Kada kuma masu zoɓo su ce wannan ta masu sha ce kawai. A watan Maris na 2021, a nan birnin Kano, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti suna amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami marar kyau, gwamnatin jiha ta ce mutum 10 sun rasu. Gari ko ruwan da aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata, kada ya shiga abin da jama'a za su sha.

Akwai lissafin rumbu kuma, a taƙaice. A ce mace tana jiƙa kwano 10 kowane mako. A shekara kwano 520 ke nan. In buhu yana cin kwano 40, buhu 13 sun tafi, ban da itace ko kara na tafasar awoyi, ban da bashin mashaya wanda kowa ya san yadda ake biyansa. Kowace ta zauna ta yi wannan lissafi da nata adadin, ta cire kuɗin dawa da na itace da na niƙa, ta ga abin da ya rage mata na wahalar mako guda a bakin wuta.

To, me za a yi da gwanintar? Mun ce tsiro shi ne zuciyar aikin, kuma tsiro ba giya ba ne. A 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole manyan kamfanoni suka koma ga dawa. Wani iri da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, gajerar kaura mai lamba SK5912, yana cikin waɗanda suka fi nema. Ko bayan an sassauta dokar ba su bar dawa ba, har lemon malt na kwalba da muke ba baƙi akwai dawa a cikinsa. Abin da kamfani yake yi da injin miliyoyi, shi uwar gida take yi da tabarma.

Ga inda muke so ku riƙe sosai. Yaron da ya cika wata shida, aka fara ba shi kunu tare da nono, cikinsa ƙarami ne. In an dama kunu da kauri ba ya iya haɗiyewa. In an tsinka shi da ruwa ya sha ya cika ciki, amma ruwa ya sha, shi ya sa za ku ga yaro yana shan kunu kullum yana ramewa. Garin tsiro yana warware wannan. A dama kunu da kauri kamar zai zama tuwo, a sauke ya ɗan huce yadda ba zai ƙona baki ba, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro a kofi guda, a juya. Cikin 'yan mintoci za ku ga ya tsinke da kansa ya yi zaƙi, ba a ƙara ruwa ko ɗigo ba. Duk garin yana nan, yaron ya sha abinci mai yawa a kofi ɗaya. A ƙasar Tanzaniya ma'aikatan lafiya sun koya wa iyaye mata wannan tun shekarun 1980, can suna kiran garin kimea. Sai dai a kula da abu biyu. Ɗanyen tsiron dawa yana da guba a saiwarsa da kansa, ita ce gubar da take kashe akuya in ta ci gyauron dawa. Saboda haka a busar da shi sosai, a murje saiwar da kan, a sheƙe kafin a niƙa, kuma bayan kunun ya tsinke a mayar da shi wuta ya sake tafasa. Domin jarirai tsiron shinkafa ko na gero ya fi kwanciyar rai, shinkafa kuwa ba ma nemanta a wannan yanki. Masu kunun zaƙi sun daɗe suna sayen tsiron shinkafa. Macen da ta iya yin tsiro mai tsabta tana da abin sayarwa da za ta kai kasuwar Kura da rana tsaka ba ta waiwaye.

Mu juya ga nama, wanda shi aikin maza ne galibi, saboda haka dattawa da samari ku matso. Labarin ɗaya ne. Ku lura da tukubar tsohon mahauci mai tsire. Ya tara toka da ƙasa, ya hura wuta a tsakiya, ya kafa tsinkayen a kewaye suna ɗan karkata. Naman yana gefen wuta, ba a bisa harshenta ba. Kitse in ya narke a toka yake ɗiga, zafi ne yake gasawa a hankali, yana juyawa. Mu kuwa ranar biki sai mu tsaga duro biyu, mu ɗora wayar shinge ko ragar tsohon firji, mu hura gawayi da leda ko kananzir, mu jibga nama tun wuta tana ci. Kitse ya ɗiga a garwashi, wuta ta tashi, baƙin hayaƙi ya manne a naman. Waje ya ƙone, ciki ɗanye. Wannan baƙin da ƙonannen gefen suna ɗauke da sinadaran da masana suka danganta da ciwon daji in ana yawan ci. Duron da za a tsaga a san abin da ya zauna a ciki. Waya mai fenti ko mai farin shafi tana sakin shafin a jikin nama in ta ji wuta, gara a je wurin mai walda ya haɗa raga da zallar ƙarfe, a goge ta, a shafa mata mai. A hura gawayi da kara ko ɓawon gyaɗa, a jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi fari, sa'an nan a ɗora. Babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya kuwa a daina ta sam, karan dawa yana yin wannan aiki.

Kafin wuta ma akwai ita dabbar. Mun san zafin asarar akuya ko sa, mun san abin da ke sa a yi maza a kai wuƙa in dabba ta fara shure-shure. Amma a yankin da ake feshi kowane mako, dabbar da ta faɗi ba zato tana iya zama ta ci ciyawar da aka fesa ne ko ta sha ruwan gindin injin feshi. Wadda kuma ta mutu farat ɗaya, jini baƙi marar daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta ko kaɗan, a kira malamin dabbobi. Alamar cutar antaraks ce, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yuli na 2023, tana kuma kama mai fiɗa da mai ci. Dabbar da aka yi wa allura kwanan nan a duba takardar maganin, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin yanka. Masu kiwon alade, in kun yanka kun ga ƙwayoyi farare kamar shinkafa a cikin tsoka ko a ƙarƙashin harshe, 'ya'yan tsila ne, naman nan ba na ci ba ne. Wanda ya ci shi bai nuna ba zai ɗauki tsila a ciki, ƙwanta kuma in ya bi ta ƙazantar hannu ko ruwa ya shiga jikin wani yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya. Aladen da yake yawo inda mutane suke bayan gida a daji shi yake ɗaukar ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin cikin nama ya kai digiri 70. Ba mu da ma'auni a ƙauye, amma muna da wuƙa: a tsaga wuri mafi kauri, a kaza kuma kusa da ƙashin cinya, in akwai ja ko ruwan jini a mayar. Wannan ne ya sa mai tsire yake yanka namansa falle-falle. Tiren da ɗanyen nama ya zauna a kai kada gasasshe ya koma kansa sai an wanke. Yaji ma a raba shi biyu tun farko, wanda za a birkiɗa ɗanyen nama a ciki daban, na barbaɗawa a faranti daban. Tun da kuma ƙuli-ƙuli ne gindin yajin tsire, maganar fumfuna ta dawo: gyaɗar da aka tsince aka ware don ta yamutse ko ta yi baƙi ba ita za a kai wa mai ƙuli ba. Citta, masoro, kanumfari, kimba da barkono, gara a saye su a tsaye a daka a gida. Takardar buhun siminti ba abin naɗe nama ba ce. Gasasshen nama kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili, in ya kwana a sake gasa shi ya yi zafi har ciki kafin a ba yara. Da yake lokacin hunturu ne, kada kowa ya kwashi ragowar garwashin gashi ya kai ɗaki ya rufe ƙofa don jin ɗumi. Iskar gawayi ba ta da wari, mutum barci kawai yake yi ya wuce.

In duk da haka wani ya sha ko ya ci abin da ya taɓa shi, ga abin da za a duba. Wanda ya sha jiya, yau yana cewa yana ganin hazo-hazo, cikinsa yana murɗa, numfashinsa yana sauri, wannan ba ragowar maye ba ne, kada a ce ya kwanta ya huta. Wanda bakinsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi, ƙwayar idonsa ta buɗe, yana surutai yana kamun abin da ba kowa ke gani ba, a tambaya ko an sa zaƙami. Wanda yake dalalar da yawu, gumi yana keto masa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, maganin ƙwari ne. Kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko nono, musamman in ba ya cikin hayyacinsa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa zuwa babban asibitin Kura ko na Rano, duk wanda ya fi kusa. A tafi da ragowar abin da ya sha da jarkar da aka zuba shi, a kuma aika a duba sauran waɗanda suka sha tare da shi ko ba su fara jin kome ba. A faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha tun a bakin ƙofa, domin maganin kowanne daban ne.

Shugabannin zumuntar mata, kowace ta sa a tara jarkoki da kwalaben maganin feshi na gidajen ikilisiyarta a wuri ɗaya da yara ba sa kaiwa. Sa'ad da muka zo zagaye za mu zo da abin hudawa. Za mu kuma zo da garin tsiron shinkafa, a dama kunu a gaban kowa, masu goyo su zo da kofi da cokali.